Kirki da Addini: Abin da Tarihin Ƙasar Birnin Gwari Ya Nuna

A shekarar 2020 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana sakamakon wata tambaya da ta yi wa mutane a ƙasashe 34, watau ko wajibi ne mutum ya yi imani da Allah kafin ya zama mai kyawawan ɗabi'u. A Nijeriya kashi 93 cikin ɗari suka amsa da cewa wajibi ne, a Suwidin kuwa kashi 9 kaɗai. Bahaushe ba zai yi mamakin amsar mutanen Nijeriya ba, domin a kullum idan aka yi wata ta'asa abin da yakan fara fitowa daga bakinsa shi ne, rashin tsoron Allah ne. Amma amsar da mutum zai ba baƙo mai takarda da alƙalami daban take da hukuncin da yakan yanke wa maƙwabcinsa a kasuwa ko a gona. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba wannan hukunci na biyu, a ga yadda Hausawa suka riƙa auna kirkin mutum a wurin da Musulmi da wanda ba Musulmi ba suka daɗe suna cuɗanya. An zaɓi ƙasar Birnin Gwari saboda a cikin shekaru 150 da suka wuce ta ga kusan kowane irin mai addini da kowane irin marar shi, kuma ta ɗanɗani halin kowannensu.

Ƙasar tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Daji ne ya fi yawa a cikinta. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 sa'an nan aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana ta arewa maso yamma, ta kudu kuma surƙuƙin ya zarce har ƙasar Shiroro. A gefen wannan daji ne ƙauyuka irin su Kusasu suke. Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Kamukawa su ne tsofaffin mazauna, sa'an nan ga Hausawa manoma da fatake waɗanda tsohuwar hulɗar garin da Katsina ta kawo, ga kuma Filani makiyaya.

Kafin a shiga tarihi ya kamata a warware wani ruɗani. Idan Bature na wannan zamani ya ce marar addini, yana nufin wanda ya ƙi yarda da samuwar Ubangiji ɗungum. Irin wannan mutum baƙo ne a tarihin ƙasar Hausa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 kuma ya buga littafinsa a 1946, ya tarar sun san Allah, sai dai suna ganin ya yi nisa, don haka iskoki suke yi wa yanka. Gwarawa suna da Shekwoyi, Ubangijin sama, Kamukawa kuma an san su da tsafin Magiro. Ke nan idan Bahaushen dauri ya ce wane ba shi da addini, abin da yake nufi shi ne ba ya salla. Tambayar da tarihin wannan ƙasa zai iya amsawa ita ce, shin wanda ba ya salla yana iya zama mutumin kirki a idon mai salla? Akwai kuma ƙanwarta wadda ta fi ta ɗaci, shin salla tana lamunce wa mai yin ta kirki?

Shaidar harshe

A 1973 A.H.M. Kirk-Greene ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a 1974. Ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ɗalibai sun haddace wannan jeri, amma ba kasafai sukan lura da abubuwa biyu da ke cikinsa ba. Na farko, shida daga cikin kalmomin Larabci ne asalinsu, watau amana da karamci da hankali da ladabi da hikima da adalci, alhali gaskiya da kunya da mutunci 'yan gida ne. Na biyu, babu ibada a cikin jerin ko kaɗan. Babu salla, babu azumi, babu yawan zikiri. Dukkan goman abubuwa ne da wani mutum zai iya shaida a kan wani, domin a cikin ma'amala suke bayyana.

Mai son ya ce Musulunci ne ya kawo wa Bahaushe kirki zai kafa hujja da kalmomin aro. Hujjar ba ta da ƙarfin da ake zato. Aron kalma ba ya nuna cewa ma'anarta baƙuwa ce, in ba haka ba sai a ce Bahaushe bai san lokaci ba sai da ya ari kalmar daga Larabawa. Abin da aron ya tabbatar shi ne, tun zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14 malamai ne suka riƙe bakin zaren zancen ɗabi'a, har harshensu ya zama shi ne harshen kowa, da Bamaguje da Bagwarin da ya koyi Hausa a kasuwa.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne yadda Bahaushe ya juya kalmomin aƙida suka koma kalmomin hali. Idan aka ce wane ba shi da imani, ba a nufin ya musanta Mala'iku ko Ranar Lahira, ana nufin ba shi da tausayi. Mahaucin da ya yi wa dabba yankan wulaƙanci marar imani ne ko da yanzu ya fito daga masallaci. Idan aka ce kafirin mutum, galibi mugu ake nufi ko mai taurin kai. Bawan Allah kuwa shi ne wanda ba ya cutar kowa, kuma akan faɗa wa baƙon da ba a san addininsa ba. Ga kuma wanda aka ce Musa ne a baki, Fir'auna a zuci. Wannan ya nuna cewa kashi 93 ɗin nan ba ƙarya suka yi ba, sai dai kalmar imani a kunnensu ta riga ta haɗiye tausayi da amana. Tambayar Bature ta shiga kunnen Bahaushe ne kamar an ce, shin sai mutum yana da tausayi zai zama na kirki?

Su kuwa Gwarawa, harshen Hausa bai yi musu adalci ba. An sa su cikin Banza Bakwai, an kira gurɓatacciyar Hausa gwaranci, an kira wanda bai waye ba bagwari. Duk da haka idan Bahaushe yana son a yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye sai ya ce a yi masa gwari-gwari. A cikin rainin akwai shaida, cewa wannan mutum da ake yi wa dariya ba ya lauje cikin naɗi. Irin wannan shaida ce ake yi wa Bamaguje a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau, cewa ba ya ƙarya kuma ba ya cin amana. Wajibi ne mai nazari ya yi hattara da ita, domin sau da yawa mai faɗarta ba Bamagujen yake yabo ba, ɗan'uwansa Musulmi yake yi wa gugar zana. Gidan Bamaguje ma yana da mashayi da mafaɗaci da maƙetaci kamar kowane gida. Amma gugar zanar ba za ta yi zafi ba in da a ce mai ji bai yarda cewa ana samun kirki a wajen masallaci ba.

Abin da malamai suka riƙa

Malaman wannan ƙasa Ash'ariyawa ne a aƙida, kuma littafin Sanusi, Ummul Barahina, yana cikin abin da ake fara karantawa a zaure. Tsohuwar jayayya ce tsakanin Ash'ariyawa da Mu'utazilawa ko hankali shi kaɗai yana iya gane kyakkyawa da mummuna. Mu'utazilawa suka ce yana iyawa. Ash'ariyawa suka ce kyau da munin da lada da zunubi suka rataya a kansu Shari'a ce kaɗai ke bayyana su. Sai dai ko su ba su musanta cewa ana samun kyauta da cika alkawari a wurin wanda bai musulunta ba. Har gobe mai wa'azi yana buga misali da kyautar Hatimuɗ Ɗa'i, wanda ya mutu a Jahiliyya. Littattafan tarihin Annabi (S.A.W.) sun kawo ƙawancen Hilful Fuduli, wanda Ƙuraishawa suka ƙulla don taimakon wanda aka zalunta tun kafin saukar wahayi, kuma Annabi ya yaba shi bayan aike. A gidan Abdullahi ɗan Jud'ana aka ƙulla shi, mutumin da hadisi ya nuna cewa ciyarwarsa ba za ta amfane shi a Lahira ba saboda rashin imani. A nan malamai suka raba abu biyu, kirki wanda mutane ke shaidawa, da tsira wadda take hannun Allah kuma imani sharaɗinta ne. Ta ɗaya ɓangaren sun karantar da hadisin matsiyacin Ranar Ƙiyama, wanda zai zo da salla da azumi amma haƙƙin mutane ya cinye ladansa.

Shugabannin jihadi sun gaji wannan rarrabewa. A cikin Nurul Albabi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku, Musulmi na gaskiya, da masu gauraya Musulunci da tsafi, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Faɗansa ya fi tsanani da kashi na biyu da kuma miyagun malamai. Kashi na uku an bar su a kan jiziya, kuma sunan Maguzawa kansa, wanda masana suka danganta da Majusawa, shi ya ba su wannan gurbi a fiƙihu. A cikin Bayanu Wujubil Hijira na 1806 Shehu ya nuna cewa abin da ke rushe mulki zalunci ne, ba kafircin mai mulki ba. Shekara guda bayan haka ƙanensa Abdullahi ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ganin yadda son duniya ya shiga zukatan jama'a, sai da mutanen Kano suka tsai da shi. Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi na Barno kuma, a cikin wasiƙun da Muhammadu Bello ya adana a Infaƙul Maisuri, ya tsaya a kan cewa saɓo ba kafirci ba ne. Watau tun ƙurar yaƙi ba ta kwanta ba manyan wannan ƙasa sun san cewa riƙe tutar addini ba shi ne kirki ba.

Jikokin Shehu a ƙasar Gwari

Ƙasar Gwari ta ga tabbacin haka da idonta. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, watau jikan Shehu, ya kafa Kwantagora a cikin shekarun 1860, ya rayu a kan harin Gwarawa da Kamukawa da Kambari har ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, ya fi shi ɓarna, kuma hare-harensa sun kai ƙasar Birnin Gwari a ƙarshen ƙarni na 19. Hujjar da ake bayarwa ita ce waɗannan mutane arna ne, bautar da su ta halatta. Tun a 1615 Ahmadu Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa kafirci ne sababin bauta ba launin fata ba, kuma ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen da ba a bautar da mutanensu. Amma mahayan Sarkin Sudan ba sa tsayawa tambayar kalmar shahada. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa a 1949 zuwa 1950, ta ba da labarin yadda mutanen Mai Sudan suka kama 'yan'uwanta, Musulmi 'ya'yan Musulmi, sai da dangi suka tara kuɗi suka fanso su. Kalmar fansa da ta cika bakin mutanen Birnin Gwari tun daga shekarun 2010 ba sabuwa ba ce a wannan yanki. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, suka kama Ibrahim a 1902, sa'an nan suka mai da shi kan gadonsa a 1903, abin da ya nuna cewa su ma masu iƙirarin hana bauta lissafin mulki ya fi kirki nauyi a wurinsu.

Me Bagwarin da ya gudu kan dutse zai ce game da addinin wanda ya ƙone masa rumbu? Ba a rubuta amsarsa ba, amma an san cewa da yawa daga cikin Gwarawa da Kamukawa ba su musulunta ba a wancan ƙarni. Musuluntarsu da yawa ta zo ne a ƙarni na 20, a lokacin zaman lafiya, ta hanyar kasuwa da auratayya da malamin ƙauye, sa'an nan da rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a 1963 zuwa 1965. Waɗansu kuma suka bi mishan. Zuwa ƙarshen ƙarnin masu tsafi a fili sun zama kaɗan ƙwarai, masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya sun yawaita, musamman bayan kafa Izala a 1978. In da yawan addini shi ne ma'aunin kirki, da ƙarni na 21 ya zama zamanin da ƙasar ba ta taɓa ganin aminci irinsa ba.

Daji da baƙinsa biyu

Abin da ya faru akasin haka ne. Satar shanu ta zama fashi, fashi ya zama satar mutane, har hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama ba a bin ta sai da rakiyar soja. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana ɗaya. Manoma suka koma biyan haraji kafin su yi shuka, su kuma biya kafin su yi girbi. Waɗanda suka yi wannan aiki sunayen Musulmi gare su, haka ma mafi yawan waɗanda suka kashe.

Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne jahilci ne, yaran daji ba su san addini ba. A kan wannan fahimta ce Shaihu Ahmad Gumi ya shiga dazuzzukan Zamfara da Neja a 2021 yana yi musu wa'azi. Akwai gaskiya a cikin bayanin, domin yaron da ya tashi bayan shanu ba makarantar allo ba ta boko an cuce shi. Amma kakansa ma bai yi karatu ba, kuma bai saci mutum ba. Abin da ke hana kakan ɓarna shi ne kunya irin ta Filani, da ikon arɗo, da garken da zai yi asara, da alƙalin da zai kai ƙara gare shi idan an zalunce shi. Binciken Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya jingina tashin wutar ga ƙwace burtali da makiyaya, da zaluncin masu shari'a da jami'an tsaro, da kisan gillar 'yan sa-kai, da kwararowar makamai. Ba salla ce ta ragu a daji ba, waɗannan shingaye ne suka faɗi.

Sai ga baƙo na biyu wanda ya zo da addini a gaba. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram ta bayyana kanta a Janairun 2012, ta sami mafaka a wannan daji, har 'yan sanda suka kai wa sansaninta hari a dajin Kuduru a Fabrairun 2020. A gabashin ƙasar, wajen Damari, mutanenta sun riƙa wa'azi suna raba kyauta, suna korar ɓarayin shanu, suna auren 'yan matan gari. Mutumin da gwamnati ta bari a hannun ɓarawo, idan wani ya zo ya kare shi kuma ya ja shi salla, ba abin zargi ba ne idan ya kira shi mutumin kirki. A nan ne haɗa kirki da alamomin addini ya zama haɗari, domin ma'aunin da ke kunnen talaka ya ba waɗannan mutane shaidar da ba su cancanta ba. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kukan cewa sun hana harkar siyasa a garuruwan da suka riƙe kuma suna ɗibar samari. Ƙungiyar da ta kashe baƙin ma'aikata bakwai da ta sace a Jama'are a 2013 ita ce dai ta zo da kyautar salla. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar kama manyan shugabanninta biyu.

Akwai wuri ɗaya da za a iya gwada ƙarfin addini a kan hali kai tsaye, shi ne rantsuwa. Bamaguje yana rantsuwa da aradu, kuma tsoron da yake yi na nan take ne, a wannan damina. (Kalmar aradu ma Larabci ce, abin da ke ƙara nuna wuyar raba na gargajiya da na Musulunci a bakin Bahaushe.) Musulmi yana dafa Alƙur'ani, hukuncinsa kuwa yana iya jinkirta har Lahira, ga kuma ƙofar tuba a buɗe. Gwamnatocin Zamfara da Katsina sun dogara da wannan rantsuwa a sulhun da suka yi da 'yan bindiga. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disambar 2020, ya dafa Alƙur'ani a Gusau a Fabrairun 2021 ya ce ya tuba. A watan Afrilu ya koma daji, kwanaki kaɗan bayan haka abokan gabarsa suka harbe shi. Ba laifin Littafin ba ne. Rantsuwa tana ɗaure wanda dama yake da amana, kuma amanar ce ake nema, ba dafawar ba.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗansu shugabannin 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe karar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Kara wuri ne da ciniki ba ya yiwuwa sai da yarda. Dillali yana karɓar saniya daga hannun Bafilatani, ya sayar wa Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo wanda zai loda ta zuwa kudu, wani lokaci a biya rabi a bar rabi sai kasuwa mai zuwa. Fatomar da ke saukar da baƙin ba ya tambayar ɗan kasuwa ko Ɗariƙa yake ko Izala, ko coci yake zuwa. Yana tambayar wa ya san shi, kuma ko ya taɓa cin kuɗin wani.